Shin Ɗaya Ne? Yadda Harshen C Ke Gwada Rubutu da Rubutu

A watan Yunin 2012 masu kula da MySQL da MariaDB, manhajojin adana bayanai da ɗimbin shafukan intanet suka dogara da su, sun fito da wani labari mai kama da almara. A kan wasu kwamfutoci, duk wanda ya san sunan mai asusu yana iya shiga ba tare da ya san kalmar sirri ba. Naci kawai ake bukata: ya dinga tura kalmar ƙarya yana maimaitawa, a cikin gwaji 256 ana sa ran ɗaya zai wuce. Kwamfuta kuwa tana gama gwaji ɗari uku kafin mutum ya kai kofin shayi baki. Ba wani lissafin ɓoye sirri aka fasa ba. Layi ɗaya ne ya jawo, wanda aikinsa bai wuce ya duba abu biyu ya ce ɗaya ne ko ba ɗaya ba.

Wanda ya saba da Python ko JavaScript zai yi mamakin yadda wannan ƙaramin aiki zai kayar da ƙwararru. A can, ka sa alamar daidai tsakanin kalmomi biyu, ka sami amsa, ka wuce. A harshen C abin ba haka yake ba, kuma dalilin yana cikin tushen harshen.

Dennis Ritchie ya ƙera C a ɗakin bincike na Bell Labs da ke Amurka a wajajen 1972, domin a rubuta Unix da shi. Harshe ne da ke zaune dab da ƙarfen na'ura, kuma bai san wani abu wai shi rubutu ba. Abin da ya sani shi ne ma'adanar kwamfuta, wato dogon layi na gurabu, kowane gurbi yana da lambar adireshi kuma yana ɗaukar bayit ɗaya, lamba daga 0 zuwa 255. Idan ka rubuta "Kano", gurabu biyar za a ba ka: 75, 97, 110, 111, sannan 0. Huɗun farko su ne haruffan bisa tsarin ASCII. Sifilin nan na ƙarshe shi ne kaɗai ke nuna cewa kalma ta ƙare. Ba a ajiye tsawon kalmar a ko'ina ba. Mai son ya san tsawonta sai ya bi ta gurbi-gurbi har ya ci karo da sifili. Wasu harsunan zamanin sun bi wata hanya: BCPL, kakan C, da kuma nau'o'in Pascal da suka yi tashe daga baya, suna sa tsawon a bayit na farko, abin da ya sa rubutu ba ya wuce harafi 255. Ritchie ya guje wa wannan ƙangi, ya ɗauki sifili, kuma duniya tana biyan kuɗin wannan zaɓi har yau. A 2011 Poul-Henning Kamp, ɗaya daga cikin manyan masu gina FreeBSD, ya rubuta maƙala guda yana zargin cewa wannan bayit ɗaya shi ne kuskure mafi tsada a tarihin sana'ar. Ina ganin ya ɗan zafafa, domin a kan na'urar PDP-11 mai 'yar ƙaramar ma'adana zaɓin yana da hujjarsa. Sai dai kusan duk abin da za mu gani a ƙasa daga nan ya samo asali.

Tarko na farko kowane ɗalibi yana faɗawa cikinsa. Zai karɓi suna daga mai amfani, ya rubuta suna == "Musa", ya ga manhaja ta ƙi yarda alhali Musa ne aka shigar. Abin da ya faru shi ne a irin wannan gwaji sunan jerin haruffa a C yana komawa manuni ne kawai, mai nuna adireshin gurbin farko. Alamar == tana gwada adireshi da adireshi. Ka ɗauki alluna biyu da aka yi wa rubutu iri ɗaya: tambayar da == ke yi ita ce "allon nan shi ne wancan?", ba ruwanta da abin da ke rubuce a jikinsu. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne wani lokaci kuskuren yana ba da amsar da ake so. Idan kalma ɗaya ta fito sau biyu a cikin manhaja, kompaila, wato shirin da ke juya rubutun C zuwa harshen na'ura, yana da damar ajiye su a wuri guda don tsimi. Sai ɗalibi ya gwada da hannunsa ya ga ya yi, ya tafi da yaƙinin cewa ya iya. Ƙa'idar harshen ba ta yi alkawarin haka ba. Ranar da kalmar ta zo daga fayil ko daga madannai, sai gini ya rushe.

Kayan aikin da aka tanada don wannan shi ne strcmp, wanda ke cikin string.h. Aikinsa ba wuya: ya ɗora yatsa a farkon kowane jeri, ya dinga matsawa gaba muddin lambobin sun yi daidai. A gwada "Kano" da "Katsina". K da K, 75 da 75, a wuce. Sai a da a, a wuce. Sai n da t, 110 da 116. Nan ya tsaya, ya dawo da lamba ƙasa da sifili, ma'ana na farko ne ke gaba a jeri. Bai ko kalli "sina" ba. Da na farkon ne ya fi, da lamba sama da sifili zai bayar. Idan kuwa ya kai ƙarshen duka biyun bai ga bambanci ba, sifili yake dawowa da shi.

To ga inda ƙafa ke zamewa. A C, sifili na nufin "a'a", kowace lamba daban tana nufin "e". Saboda haka wanda ya rubuta if (strcmp(a, b)) yana zaton ya ce "idan sun yi daidai", akasin haka ya faɗa. Shawarata ita ce a riƙa rubuta == 0 a fili kowane lokaci. Akwai masu sa alamar ! a gaba don gajartawa, kuma daidai ne a ƙa'ida, amma ido yana karanta shi kamar "ba daidai ba", wanda zai gaji aikin bayan shekara biyu kuma shi zai sha wahalar. Akwai wani ƙaramin abu ma da ke cinye wa masu koyo yini guda: fgets, da ake karɓar layi da shi, yana haɗowa da alamar sabon layi a ƙarshe. "Musa" da aka buga aka danna madannin shigarwa yana da bayit 10 a bayansa, idan kuma fayil ɗin daga Windows ya fito akwai 13 kafin 10 ɗin. A ido Musa ne. A wurin strcmp kuwa, kama da wane ba ta wane.

Yanzu mu koma ga MySQL. Ƙa'idar C ta ce strcmp da ɗan'uwansa memcmp za su dawo da sifili, ko abin da ya fi shi, ko abin da bai kai shi ba. Ba ta ce 1 da -1 ba, ba ta kuma ce lambar za ta zama ƙarama ba. Masu rubuta MySQL sun ɗauki amsar memcmp suka zuba ta a mazubi mai cin bayit ɗaya. Shekaru ana haka lafiya lau, domin yawancin laburaren C suna ba da ƙananan lambobi. Sai aka sami wani nau'in memcmp a glibc na Linux da aka yi wa gyara don sauri, wanda ke iya dawo da babbar lamba. Idan lambar ta zama 256 ko 512 ko wani ninkinsu, sai a yanke samanta, abin da ya rage a mazubi sifili ne, sifili kuwa shi ne "kalmar sirri daidai ce". Tun da kowace shiga ana gauraya kalmar da sabuwar lambar kacici-kacici, kowane gwaji sabuwar ƙuri'a ce. Laburaren bai yi laifi ba ko kaɗan, abin da ƙa'ida ta yarje masa ya yi.

Amma a ganina tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan fage ita ce: wa ke yanke inda gwaji zai tsaya? strcmp yana tsayawa a sifili, idan kuma babu sifili zai zarce cikin gurabun da ba nasa ba har manhaja ta faɗi ko ta karanto abin da bai kamata ba. Don maganin haka aka yi strncmp, wanda ake gaya wa iyakar bayit nawa zai duba. Mutane da yawa sun ɗauki harafin n ɗin nan a matsayin laya, suna cewa shi ne "mai aminci". A watan Mayun 2017 kamfanin Intel ya sanar da wata ɓaraka a AMT, tsarin da ke ba ma'aikatan kamfani damar sarrafa kwamfuta daga nesa ko da a kashe take, muddin tana jone da wuta. Masu bincike na kamfanin Embedi ne suka gano ta. Na'urar tana lissafa amsar da ta dace, ta gwada da wadda baƙo ya turo, ta hanyar strncmp. Matsalar ita ce tsawon da aka ba shi tsawon amsar baƙon ne. Baƙo sai ya turo amsa fanko. Aka ce wa strncmp ya duba bayit sifili, ya duba bai ga bambanci ba, ya ce daidai ne, ƙofa ta buɗe. Wannan kuskure ya yi shekaru yana kwance a cikin kwamfutocin ofisoshi a faɗin duniya.

Nintendo ma ta ɗanɗana irin wannan a na'urar wasanta ta Wii, ta wata fuskar. Kafin na'urar ta karɓi manhaja takan duba sa-hannun kamfani, ta gwada tambarin lissafi na SHA-1 mai bayit 20 da wanda ake tsammani. Tambarin nan ba rubutu ba ne, lambobi ne barkatai, sifili yana iya faɗowa a ko'ina cikinsa. Amma da strncmp aka gwada shi, wanda duk da an ba shi tsawo, yana tsayawa da zarar ya ga sifili. Masu kutse suka lura cewa idan duka ɓangarorin biyu suka fara da sifili, gwaji ya ƙare tun a bayit na farko. Sai suka dinga ɗan sauya manhajarsu har tambarinta ya fara da sifili, abin da ba ya wuce 'yan ɗaruruwan gwaji. Zuwa 2008 labarin ya bazu. memcmp ne ya dace da wurin, domin shi ba ruwansa da sifili, adadin da aka ce ya duba shi yake dubawa.

A 2009 kuma mai binciken tsaron kwamfuta Moxie Marlinspike ya nuna a taron Black Hat yadda sifilin ke shiga tsakanin tsari biyu ya raba su. Takardun shaidar da shafukan intanet ke nunawa suna ajiye suna tare da tsawonsa, saboda haka sifili na iya zama a tsakiyar suna ba tare da wata matsala ba. Sai mutum ya nemi takarda da sunan wani babban shafi, ya sa sifili, ya biyo da sunan shafinsa na gaskiya. Hukumar da ke ba da takarda ta duba ƙarshen sunan, ta ga nasa ne, ta sa hannu. Burauza kuma, da yake da kayan C take gwadawa, ta karanta ta tsaya a sifili, ta ga sunan babban shafin. Kowannensu ya yi gwajinsa daidai. Ba su dai yarda da juna a kan inda suna ya ƙare ba.

Akwai wani aibi da ke jikin strcmp da memcmp duka, wanda a ko'ina ban da harkar sirri alheri ne: suna tsayawa a bambanci na farko. Ma'ana, amsar da ta dace a haruffa uku na farko ta fi daɗewa ana duba ta a kan wadda ta kuskure tun daga fari. Wanda zai iya auna wannan ɗan bambancin lokaci zai iya tsintar sirri harafi-harafi. Lambar sirri mai alƙaluma shida tana da fuska miliyan ɗaya, amma idan ana gane kowane alƙalami shi kaɗai, gwaji 60 ya isa. Dabarar tsohuwa ce. Tsarin TENEX na farkon shekarun 1970 yana duba kalmar sirri harafi bayan harafi, sai aka gano cewa idan aka ajiye kalmar a bakin iyakar shafin ma'adana, irin kukan da tsarin zai yi yana tona ko harafin da ke kafin iyakar daidai ne. Masanin kwamfuta Butler Lampson ya kawo labarin a wata maƙalarsa ta 1983. Maganin shi ne gwajin da ke bin dukkan bayit har ƙarshe ko da ya riga ya ga bambanci: CRYPTO_memcmp a OpenSSL, timingsafe_bcmp a OpenBSD, sodium_memcmp a libsodium. Kada mutum ya ce zai rubuta nasa a tsaye, domin kompaila na iya "gyara" masa shi don sauri ya dawo da aibin da ake gudu.

Duk abin da ya gabata ya shafi kowa a duniya. Akwai kuma ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da ɓ da ɗ da ƙ.

ASCII ba shi da haruffa masu lanƙwasa. A yau ana ajiye su ne da UTF-8, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka zana a 1992, kuma sun yi hikima: babu harafin da ke ɗauke da sifili a cikinsa, saboda haka strcmp yana bin rubutun Hausa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Idan tambayar ita ce ko bayit-bayit ɗin ɗaya ne, amsarsa gaskiya ce. Sai dai ƙ bayit biyu ne, 198 da 153. ɓ shi ne 201 da 147, ɗ kuma 201 da 151. Kalmar "ƙasa" haruffa huɗu ce a ido, bayit biyar a ma'adana. Wanda ya ce wa strncmp ya duba "harafin farko" ta hanyar ba shi 1, zai ji an ce masa "ɓata" da "ɗaga" da abu ɗaya suka fara, tun da duka 201 ne a gaba.

A jera sunaye da strcmp kuma a ga abin dariya. Manyan haruffan ASCII suna tsakanin 65 da 90, ƙanana daga 97 zuwa 122, don haka "Zariya" za ta riga "abinci". Masu lanƙwasa duka za su koma can ƙasa bayan z, kuma ko a can ba bisa tsari ba: ƙ zai riga ɓ, domin 198 bai kai 201 ba. Ɗalibin aji uku na firamare ya san ɓ bayan b yake zuwa. Lambobi ma haka: "10" tana riga "9", saboda alamar 1 ita ce 49, alamar 9 kuma 57. Wanda ya ce bari ya rubuta nasa strcmp yana da wani ramin a gaba. Ƙa'ida ta ce a ɗauki kowane bayit a matsayin lamba marar alamar ragi, amma a kwamfutocin Intel da AMD nau'in char yawanci yana da alama, sai 198 ya koma -58, ƙ ya tsallako gaban A. A wayoyi masu ARM kuma sau da yawa ba haka ba ne. Manhaja ɗaya, jeri biyu.

Batun babban harafi da ƙarami ya fi haka ciwo. A ASCII tazarar 32 ce tsakanin kowane babba da ƙaraminsa, kuma a kan irin wannan sauƙi aka gina strcasecmp na Unix da _stricmp na Windows, masu aiki bayit-bayit. Ƙ da ƙ bambancinsu 1 ne a bayit na biyu. Ɓ kuwa 198 da 129 ne, ƙaraminsa 201 da 147, ba abin da ya haɗa su. Sakamakon shi ne strcasecmp zai yarda "KANO" da "kano" ɗaya ne, ya ƙi yarda da "Ƙaura" da "ƙaura". Turkawa suna da irin nasu ciwon kan, da i mai ɗigo da marar ɗigo, wanda ya daɗe yana karya manhajoji.

Sai kuma abin da babu laburaren da zai warware mana. A Nijeriya ana rubuta 'ya'ya da waƙafin sama, a Nijar ana amfani da ƴ. Waƙafin saman kansa aƙalla iri uku ne a kwamfuta: miƙaƙƙe na madannai, lanƙwasasshe da Word da wayoyi ke sauyawa da kansu, da wani na uku da Unicode ta ware a matsayin harafi. Ga masu rubuta k' ko k zalla a madadin ƙ saboda madannansu ba su da shi. A ƙamus da littattafan koyarwa inda ake sa alamar karin sauti, à na iya zama alama guda, ko a da wata alama da aka ɗora masa, kuma ido ba zai bambance ba. Duk wanda ya taɓa neman suna a rajistar makaranta ko ta asibiti aka ce babu, alhali yana nan an rubuta shi da wani waƙafin, ya ga wannan matsala da idonsa.

C ya tanadi strcoll, mai jera kalmomi bisa al'adar harshen da aka zaɓa, kuma glibc yana da tsarin ha_NG na Hausar Nijeriya. Amma kowace manhajar C tana farawa ne a tsarin da ake kira "C", inda strcoll bai bambanta da strcmp ba, har sai an kira setlocale. Ko an kira, sai in an girka tsarin a kwamfutar. Al'adar jeri kuma tana sauyawa: da glibc 2.28 ya fito a 2018 da sabbin ƙa'idojin jeri, masu amfani da manhajar adana bayanai ta PostgreSQL sai da suka sake gina fihirisan bayanansu, domin abin da aka jera jiya ya daina zama a jere yau. Don aiki mai nauyi, laburaren ICU ya fi, shi ne ke iya daidaita siffofin Unicode ya kuma sa ɓ bayan b. Amma ko ICU ba zai yanke maka hukunci ko "kasa" da mai nema ya buga tana nufin "ƙasa" ba. A akwatin bincike ya kamata ta samo ta. A sunan asusu ko kalmar sirri, haɗa su ɓarna ce. Wannan hukuncin mai manhaja ne.

Shi ya sa ba na ganin laifin C a nan kamar yadda wasu ke gani. Yawancin harsunan zamani sun rufe ramin adireshi da na sifili, wannan gaskiya ne, amma ramin lokaci da na haruffa suna nan a Python da Java da Rust, an dai shimfiɗa musu tabarma. Ko Java ma tana da nata tarkon na == a kan rubutu. C bai ɓoye komai ba, ya bar ka da lambobi tsirara.

Saboda haka, kai mai koyon C, kafin ka rubuta layin gwaji ka san wanne kake tambaya. Idan umarni ne ko sunan fayil da ka tabbata yana ƙarewa da sifili, strcmp da == 0 sun wadatar. Idan lambobi ne ba rubutu ba, ka fara gwada tsawo da tsawo, sannan memcmp, kuma tsawon ya fito daga wurinka, kada ka karɓe shi daga bakin baƙo. Idan sirri ne, ka ɗauko gwajin da ba ya gaggawa daga laburaren da aka sani. Idan kuma sunayen mutane ne da za su karanta da idonsu, ka daidaita rubutun tun a ƙofar shiga, ka zaɓi waƙafi ɗaya ka tsaya a kansa, sannan ka gwada manhajar da Ɗanladi da Ƙaura da 'Yar'aduwa kafin ka miƙa ta ga masu ita.